Matasanmu da tarin laƙubban sha'awa: me ya kamata iyaye su yi?

Malama Hadiza, Birmingham

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina so in kawo wata magana da yawancinmu muke kauce wa, alhali kuwa ta riga ta shigo gidajenmu ta wayoyin 'ya'yanmu da kuma makarantunsu. A sakandaren ƙasar nan ta Ingila, da wuya a samu yaro ko yarinya mai shekara 13 zuwa 16 da ba ta da abokan aji waɗanda suka ba wa kansu wani laƙabi game da wanda zuciyarsu take karkata gare shi. A da laƙubban ba su wuce uku ba, wato namiji mai son mace ko mace mai son namiji, da mai son jinsinsa, da mai son duka biyun. Yanzu sun yi yawan da malamai ma ba sa iya riƙe su duka. Akwai na wanda ya ce jinsin mutum ba ya cikin lissafinsa, akwai na wanda ba ya jin sha'awar kowa, akwai na wanda ba ya jin komai sai bayan doguwar shaƙuwa, akwai kuma na wanda yake cewa har yanzu yana kan neman sanin kansa. Kowanne yana da tutarsa mai launuka, da shafukan da ke bayaninsa a TikTok da Instagram.

A matsayina na malama, yara iri biyu nake gani. Akwai yarinyar da ba ta taɓa sa tunanin kowa a ranta ba, amma ƙawayenta suna tambayarta wane rukuni take, har ta fara jin cewa rashin amsa gazawa ce, sai ta ɗauki laƙabi ɗaya domin a daina barin ta a baya. Akwai kuma yaron da ya lura da gaske cewa zuciyarsa tana karkata ga 'yan'uwansa maza, ya shiga tsoro mai tsanani, ba ya iya barci, karatunsa ya lalace, kuma ba shi da mutum ɗaya a gidansu da zai iya buɗe wa baki. Damuwar waɗannan yara biyu ba iri ɗaya ba ce, amma mu iyaye mukan yi musu hukunci ɗaya. Tambayata ita ce: idan ɗanka ko 'yarka ta zo maka da ɗaya daga cikin waɗannan laƙubba, me za ka yi a wannan daren, kuma me za ka yi a watannin da suka biyo baya?

Alhaji Sani, Landan

Wa alaikumus salam Malama. Kin kyauta da kika kawo maganar, amma ni a ganina ba ta buƙatar dogon nazari. Wannan abu dasa shi ake yi a zukatan yara tun suna firamare, kuma ke da kike Birmingham kin fi ni sanin abin da ya faru a 2019, lokacin da iyaye, mafi yawansu Musulmi, suka yi makonni suna zanga-zanga a ƙofar makarantun Parkfield da Anderton Park saboda littattafan da ke maganar masu son jinsinsu da ake karanta wa ƙananan yara, har kotu ta hana taruwa a kusa da ɗaya daga cikin makarantun. Daga watan Satumba na 2020 kuma darasin zamantakewa da alaƙa ya zama tilas a makarantun Ingila. Yaron da aka yi shekaru ana nuna masa cewa akwai ƙofofi goma, ta yaya ba zai tsaya yana tunanin wadda zai shiga ba?

Mu da muka tashi a Kano da Zariya ba mu san wannan ruɗani ba. Namiji ya san shi namiji ne, ya san mace zai aura, magana ta ƙare. Idan ɗana ya zo mini da irin wannan zance, zan karɓe wayarsa, in saya masa tikiti ya koma gida wurin ƙanena ya yi shekara biyu ko uku a hannun malamai, idan kuma mace ce in nema mata miji da wuri. Ban ce a cutar da kowa ba, amma sassauci a irin wannan wuri shi ne yake jawo nadama.

Dakta Aminu, Manchester

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Damuwarku ta uba ce, kuma ba na raina ta, sai dai ina roƙon a ba ni dama in kawo abin da bincike ya nuna, domin wani ɓangarensa yana goyon bayan abin da Malama Hadiza ta lura da shi, wani ɓangaren kuma yana gargaɗi a kan maganin da kuka ambata.

Gaskiya ne adadin matasan da ke ɗaukar waɗannan laƙubba ya ƙaru sosai. A ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales, kashi 3.2 cikin 100 na masu shekara 16 zuwa sama ne suka ce su masu son jinsinsu ne ko masu son jinsi biyu ko makamancin haka, amma a tsakanin masu shekara 16 zuwa 24 adadin ya kusan kashi 7. A Amurka, cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Gallup ta samu kashi 3.5 na manya a 2012, zuwa 2024 kuma ya haura kashi 9, sannan a cikin matasan da aka haifa daga 1997 zuwa 2006 ya wuce ɗaya cikin biyar. Abin lura shi ne fiye da rabin waɗannan mutane cewa suka yi suna son jinsi biyu, kuma 'yan mata sun ninka samari fiye da sau biyu. Masana sun rabu a kan dalili. Wasu suna cewa tsoro ne ya ragu, shi ya sa waɗanda a da suke ɓoyewa suka fito. Wasu suna cewa ma'anar laƙubban ce ta faɗaɗa, har yarinyar da ta taɓa jin wata ƙawarta ta burge ta take ganin ta cancanci suna na musamman. Ni ina ganin duka biyun suna aiki a tare.

Akwai kuma binciken Lisa Diamond ta Jami'ar Utah, wadda ta bi rayuwar matasa mata 79 har tsawon shekara goma, ta samu cewa kashi biyu cikin uku sun sauya laƙabin da suka fara da shi aƙalla sau ɗaya, ɗaya cikin uku kuma sun sauya sau biyu ko fiye. Saboda haka laƙabin da yarinya ta ɗauka tana da shekara 14 ba hukuncin ƙarshe ba ne a kan rayuwarta, kuma bai kamata uwa ta suma a kansa ba. Sai dai ita mai binciken ta jaddada cewa wannan sauyi yana zuwa ne da kansa, babu wanda ya tilasta shi. A nan ne nake jin tsoron shawarar Alhaji. A 2009 Caitlin Ryan da abokan aikinta sun wallafa bincike a mujallar likitocin yara ta Amurka, wanda ya nuna cewa matasan da iyayensu suka yi musu ƙyama mai tsanani saboda wannan lamari sun ninka waɗanda ba a ƙyamata ba fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kansu. Ni da nake ganin irin waɗannan yara a asibiti bayan sun sha magani fiye da kima, wannan adadi yana da fuskoki a wurina, kuma wasu daga cikinsu sunayen Musulmi gare su.

Alhaji Sani, Landan

Dakta, na ji bayaninka, amma duk waɗanda ka ambata Turawa ne da suka yi bincike a kan 'ya'yan Turawa, a ƙasashen da ba su ɗauki abin a matsayin laifi ba. Mu muna da Littafi, kuma ƙissar mutanen Annabi Luɗu tana cikinsa a sarari. Shin so kake in ce wa ɗana ba komai, domin kada ransa ya ɓaci? Ina son Malam Bashir ya sa baki, tunda yana cikin zauren nan.

Malam Bashir, Maryland

Bismillahir Rahmanir Rahim. Alhaji, hukuncin aikata luwaɗi da maɗigo a Musulunci haramun ne, mazhabobi huɗu ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba, kuma ba ni da ikon sauya wannan domin in faranta wa wani. A watan Mayu na 2023 malaman Musulunci fiye da ɗari na Amurka da Kanada sun sa hannu a wata sanarwa da ta nanata haka. Amma Malama Hadiza ba a kan wanda ya aikata ta yi tambaya ba. Ta yi tambaya ne a kan yaro ɗan shekara 14 da ya ji wani abu a zuciyarsa, ko ya ɗauki wani suna daga abokansa, kuma shari'a ta bambanta tsakanin abin da ke cikin zuciya da abin da gaɓoɓi suka aikata. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko suka furta. Yaron da ya zo wurin mahaifinsa cikin tsoro yana neman mafita bai shiga sahun mai alfahari da saɓo ba, mai neman taimako ne.

Ku tuna da saurayin da ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi masa izinin zina. Sahabbai suka taso masa da tsawa, amma Annabi ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa ko 'yarsa ko 'yar'uwarsa haka, sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Imam Ahmad ne ya ruwaito wannan. Saurayin nan izinin babban zunubi ya nema a bainar jama'a, duk da haka ba a kore shi daga majalisin ba. To ina hujjar uban da zai kori ɗansa daga gida saboda abin da bai aikata ba? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Inda nake tare da Alhaji shi ne batun laƙabin kansa. Abin da nake gaya wa matasan da ke zuwa wurina a masallaci shi ne kada su mayar da abin da suke ji ya zama sunansu, domin da zarar mutum ya ce wannan shi ne ni, duk wata nasiha sai ta zama hari a kan samuwarsa. Ina ce musu kai bawan Allah ne da ke jin kaza, kamar yadda wani yake jin wani abin daban, kuma Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Mu ma a nan mun yi gwagwarmayar makarantu, domin iyayen gundumar Montgomery ta nan jihar Maryland ne suka kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a watan Yuni na 2025 ta yanke cewa suna da damar cire 'ya'yansu daga darussan irin waɗannan littattafai. Na goyi bayan wannan ƙara da dukkan ƙarfina. Amma cin nasara a kotu bai sauke mana nauyin yaron da ke kuka a ɗakinsa ba.

Hajiya Rabi'atu, Kano

Ni a gida nake, kuma shekaru da dama ina aikin ba ɗalibai shawara a makarantar kwana ta 'yan mata, don haka ina so in yi magana a kan batun turo yaro gida. Alhaji, da girmamawa, Kanon da kuka bari ba ita ce ta yau ba. Wayar da ke hannun ɗanku a Landan ita ce a hannun ɗan ƙanenku a Gwammaja, kuma bidiyon da suke kallo ɗaya ne. Sannan ba daidai ba ne a ce ba mu san abin ba kafin zuwan intanet. 'Yan daudu sun daɗe a biranenmu suna sayar da abinci a tasha da kasuwa, kuma duk wadda ta yi makarantar kwana ta san ana raɗe-raɗin wance da wance tun zamanin iyayenmu. Abin da ya zo sabo shi ne tarin sunayen da kuma koyar da yaro cewa dole ya zaɓi ɗaya.

Abin da nake so iyayen waje su sani shi ne haɗarin da ke jiran yaron da aka turo da wannan tambari a goshinsa. Dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu na 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsu ko nuna alaƙar a fili, ban da dokokin shari'a na jihohi 12 na Arewa. Kafin ma a je kotu, zargi kaɗai ya isa ya rusa yaro. Na ga yarinyar da aka kora daga makaranta saboda wata wasiƙar ƙawance da aka samu a akwatinta, babu shaida, babu bincike, kuma har yau danginta suna fama da maganar a duk lokacin da mai neman aure ya fito. Game da kai yaro hannun masu gyaran tarbiyya kuma, ku tuna watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, wasu kuma suka ba da labarin cewa an yi lalata da su a can ciki. Iyayensu da kansu suka kai su, da niyyar gyara.

Akwai kuma yaran da ake zalunta ba tare da sun ce komai ba. Yaro mai sanyin murya ko mai son zama a kicin, sai abokai su fara kiransa ɗan daudu tun yana aji ɗaya, har ya fara tambayar kansa ko gaskiya suke faɗa. Sau da yawa mu ne muke liƙa wa yaro laƙabin kafin intanet ta ba shi nata.

Malam Bashir, Maryland

Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bambanta tsakanin namijin da aka halitta da laushin magana da motsi irin na mata, wanda ya ce babu zargi ko zunubi a kansa, da wanda yake ƙirƙirar hakan da gangan. Suratul Hujurat kuma ta hana mu yawan zato da binciken asirin juna. Wanda ya jefi yaro da wannan zargi ba tare da hujja ba, shi ne ya fara saɓa wa Allah.

Safiyya, Leeds

Ina gaishe da iyayena duka. Ni ɗaliba ce a jami'a, a nan aka haife ni, kuma ban daɗe da barin shekarun da ake magana a kansu ba, shi ya sa na nemi izinin mahaifiyata in ce wani abu. Baba Alhaji, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Darussan makaranta ba su ne suka fi tasiri a kanmu ba, domin yawancinmu ba ma sauraron su da kyau. Abin da ya fi tasiri shi ne waya da dare. Idan yarinya ta tsaya a kan bidiyo ɗaya mai cewa ga alamomi biyar da ke nuna ke kaza ce, manhajar za ta ci gaba da kawo mata irinsa, kuma alamomin abubuwa ne da kusan kowace yarinya take ji, kamar jin kunyar samari ko son zama da ƙawa ɗaya fiye da kowa. A ajinmu akwai waɗanda suka sauya laƙabi sau da yawa kafin mu gama sakandare, kuma wasunsu yanzu ba sa ma tuna maganar.

Amma akwai wadda na sani, 'yar gidan Musulmi masu riƙo da addini, wadda ba ta taɓa sa tuta a shafinta ba, ba ta taɓa gaya wa 'yan aji ba, tana azumin nafila tana roƙon Allah ya cire mata abin da take ji, kuma bai fita ba. Ita ba ado take yi da shi ba. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne maganganun da take ji a falon gidansu idan aka sako labarin a talabijin, inda ake cewa gara mutuwar ɗa da wannan. Iyayenta ba su san da 'yarsu suke ba. Ni kuma ina jin tsoron cewa idan ba ta samu kunnen da zai saurare ta a cikin Musulmi ba, za ta same shi a wurin waɗanda za su ce mata addinin ne matsalarta, ta bar shi. Na ga waɗanda suka bar salla ta wannan hanya, kuma ba hujja ce ta rinjaye su ba, wurin da aka karɓe su suka tafi.

Laƙubban suna da wani amfani da manya ba sa gani. Yaron da ya ɗauka shi kaɗai ne a duniya yake jin wani abu, idan ya ga akwai sunansa, yakan samu sauƙin cewa ba shi kaɗai ba ne. Illarsu kuma ita ce suna sa mutum ya yi shela da wuri, sannan ya ji kunyar janyewa idan ya ga ba haka ba ne.

Maman Khalil, Toronto

Safiyya, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da na daɗe ina son ji daga bakin matashi. 'Yata tana da shekara 15 ta gaya mini cewa ita tana cikin waɗanda ba sa sha'awar kowa, ta kawo sunan abin da Turanci, ta ce kada in sa ran za ta yi aure. Na tambaye ta me take ji, tun yaushe, kuma a ina ta fara jin sunan. A cikin hirar na fahimci cewa samarin ajinsu suna turo wa 'yan mata hotunan banza, abin ya ba ta ƙyama da tsoro, laƙabin kuma ya zama mata garkuwar da za ta ce a ƙyale ta. Da na fara da faɗa, da ban taɓa sanin abin da ake yi mata a makaranta ba, kuma wannan shi ne abin da na je na yi magana da hukumar makarantar a kansa. Ban ce mata ta ajiye sunan ba, ban kuma kira ta da shi ba. Na gaya mata abin da addininmu ya ce game da aure da kamewa, na ce babu wanda zai yi mata dole, kuma ba sai ta yanke wa rayuwarta hukunci a wannan shekara ba. Har yanzu takan kawo maganar idan muna girki, kuma ni wannan ne abin da na fi riƙewa.

Alhaji Sani, Landan

'Yata Safiyya, maganarki ta shige ni, musamman batun abin da muke faɗa a falo. Hajiya Rabi'atu kuma, na san labarin Rigasa, kuma ba irin wannan wuri nake nufi ba. Amma har yanzu akwai tambayar da ba a amsa mini ba. Kun yi ta magana a kan yaron da zai sauya da kansa. To wanda aka yi wa haƙuri, aka saurare shi, ya kai shekara 25 ya ce har yanzu haka yake ji, shi kuma fa? Dakta, babu magani ne a asibiti? Kuma idan aka yi masa aure, ba zai daidaita ba?

Dakta Aminu, Manchester

Alhaji, amsar gaskiya ita ce babu allura ko ƙwaya ko zaman likita da aka tabbatar yana juya wannan karkata. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi haka a 1990. Wani babban bincike na 2019 da ya duba ƙwayoyin gadon mutane kusan rabin miliyan bai samu wata ƙwayar gado guda da ke haddasa shi ba, ya samu cewa gado yana da ɗan rabo, sauran kuma abubuwa ne da ba a gama ganewa ba. Waɗanda suka fi kowa ƙoƙarin sauya mutane su ne wata ƙungiyar Kiristoci ta Amurka mai suna Exodus International, wadda ta yi fiye da shekara 30 tana wannan aiki, sannan ta rufe kanta a 2013, shugabanta ya nemi gafarar waɗanda aka cutar, bayan ya amsa cewa kusan duk waɗanda ya sani ba su sauya ba. Kanada da Faransa sun haramta irin wannan aiki a 2022.

Batun aure kuma, ina roƙon a yi tunanin ɗaya ɓangaren. 'Yar wani ce za a kawo a matsayin magani ba tare da ta sani ba, kuma na ga matan da suka yi shekaru suna zargin kansu a irin wannan gida. Ga wanda yake jin sha'awar jinsi biyu, aure da son ransa yana iya yin kyau ƙwarai. Ga wanda ba ya jin komai game da mace, tilas zalunci ne a kan mutum biyu. A Ingila da Wales auren dole laifi ne tun 2014, kuma daga watan Fabrairu na 2023 aurar da wanda bai kai shekara 18 ba laifi ne ko da a wata ƙasa aka ɗaura.

Malam Bashir, Maryland

Alhaji, wanda ya kai 25 yana jin haka kuma yana kame kansa domin Allah, ni ina ganinsa a cikin masu babban jihadin zuciya, kuma haƙƙinsa ne a kanmu mu zama danginsa na gaske, domin rayuwar da babu aure a cikinta tana da kaɗaici mai nauyi, kuma masallatanmu ba su tanadi komai domin irinsa ba. Wanda kuma ya zaɓi wata hanya, ba zan halatta masa ba, ba zan halarci abin da ya saɓa wa shari'a ba, amma yana nan ɗanka, zumunci bai faɗi ba, kuma ba ka san da me Allah zai cika masa ba. Na yarda da Dakta cewa ba a yaudarar 'yar mutane da aure. Inda muka bambanta shi ne ni ba na rufe ƙofar addu'a, domin zukata a hannun Allah suke.

Dakta Aminu, Manchester

Allah gafarta Malam, ni ma ban rufe ta ba. Abin da nake roƙo shi ne kada a ce wa yaro rashin sauyawarsa alama ce ta raunin imaninsa, domin ƙawar Safiyya ta yi azumin, ta yi addu'ar, kuma irin wannan magana ce take kai su ga fid da rai.

Malama Hadiza, Birmingham

Na gode muku duka. Alhaji, akwai abu biyu na aiki da ya kamata iyayen Ingila su sani. Na farko, kuna da damar neman makaranta ta nuna muku abin da ake koyarwa a wannan darasi, kuma a sakandare kuna iya neman a cire ɗanku daga ɓangaren ilimin jima'i har zuwa zango uku kafin ya cika shekara 16, daga nan zaɓin ya koma hannunsa, amma ba a cire yaro daga ɓangaren zamantakewa da alaƙa. Na biyu, idan yaro ya gaya wa malami cewa yana tsoron za a doke shi, ko a fitar da shi ƙasar waje, ko a yi masa auren dole saboda wannan magana, wajibi ne malamin ya kai rahoto ga jami'in kare yara na makarantar, daga nan kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a suna iya shigowa gidan. Malam Bashir, idan za ku amince, ina so mu sa rana ku yi wa iyayen zauren nan zama ta bidiyo tare da Dakta, a kan kalmomin da uba ko uwa za su fara faɗa a wannan daren, domin har yanzu wannan ɓangare na tambayata Maman Khalil ce kaɗai ta amsa shi.